Hakkin 'Ya'yan Bazawara A Kan Mai Neman Uwarsu

Jama'a 'yan makaranta, maganar da za mu yi da ku wannan mako ta manya ce, amma mun ga ya kamata ku ji ta tun yanzu, gama an ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yau kuna aji, gobe wani zai zama malamin makaranta, wani akawu, wani malamin asibiti, albashi ya fara shigowa, a fara yi muku zancen iyali. Cikinku lalle akwai wanda zuciyarsa za ta kai shi ƙofar gidan bazawara, ya tarad da ita da goyo a baya, ga wani kuma yana riƙe da gefen zanenta. Cikin 'yammatan da ke karanta wannan shafi ba a rasa wadda rasuwar miji ko mutuwar aure za ta komo da ita gidan iyayenta da 'ya'ya biyu ko uku. Akwai kuma waɗansunku da su ke kwana yanzu haka a gidan mijin uwarsu. Saboda haka kowa na da rabo cikin zancen. Abin da mu ke so mu bincika shi ne, mutumin da ke neman mace mai 'ya'ya ƙanana, me yaran nan su ke binsa, tun da ba shi ya haife su ba?

Kada wani ya ce abin ba shi da yawa. A ƙasar Hausa aure na mutuwa, maza kuma na rasuwa su bar mata da sauran ƙuruciyarsu, har abin ya kai hukuma ta sa hannu. Cikin shekarar 2012 Gwamnatin Kano da Hukumar Hisba suka fara ɗaura wa zawarawa aure a taro guda, karon farko mata 100, cikin 2023 kuma aka ɗaura aure 1,800 na zawarawa da 'yammata. Hukuma ta iya biyan sadaki, ta sayi gado da katifa, ta sa likita ya duba lafiyar ango da amarya. Abin da ya rage a hannun ango shi kaɗai shi ne yadda zai zauna da yaran da amarya ta zo da su, ko waɗanda ta baro saboda shi.

Mu dubi yadda a ke ɗaurin aure. Akwai waliyyin mace, akwai wakilin miji, ga shaidu, ga liman, har maroƙi ma ba a rasa shi. Bazawara kuwa shari'a ta ba ta bakin magana, ba a aurad da ita sai ta furta yarda da kanta. Duk wanda abin ya shafa yana da mai magana dominsa, ban da mutum guda, watau yaron. Shi ba a tambayarsa, in ma an tambaye shi bai san amsa ba, ga shi kuwa a kansa abin zai fi sauka. Ranar da aka shafa fatiha, ko dai a sake masa gida, ko a raba shi da uwa. In ya bi ta ɗakin miji sai a kira shi agola, sunan da kowa ya san ba na yabo ba ne.

To, me shari'a ta ce? Littattafan Malikiyya da alƙalan ƙasarmu ke hukunci da su, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan da Muhtasar na Halilu, sun bayyana abu biyu. Na fari, ci da sha da tufafin yaro a wuyan ubansa su ke, ko yana tare da uwar ko ya sake ta. In uban ya rasu, a ciyad da yaron daga dukiyar da ya gada. Mijin uwa ba a ɗora masa ko ƙwayar gero ba. Na biyu, riƙon yaro, wanda malamai ke kira hadana, hakkin uwa ne bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Amma in uwar ta auri bare suka tare, sai hakkin ya fita daga hannunta ya koma ga kakar yaron ta wajen uwa, in babu ita ga 'yar'uwar uwar, haka haka har a zo ga dangin uba. Halilu ya toge waɗansu wurare da riƙon ba ya faɗuwa, kamar in mijin muharramin yaron ne irin su baffansa, ko yaron ya ƙi karɓar kowa sai uwarsa, ko wanda riƙon zai koma gare shi ya sani ya yi shiru har shekara guda. Al'ada kuwa ta fi shari'a tsanani a kan uwa, don sau da yawa da an yaye yaro, wajen shekara biyu da haihuwa, sai uban ya aiko a ɗauke shi.

Ku haɗa hukuncin nan biyu ku gani. Mai neman bazawara ba a wajabta masa kome na yaron ba, amma aurensa ne ke iya raba yaron da uwarsa. Watau yana da hanyar cutarwa, ba a kuwa tilasta masa gyarawa ba. Malaman da suka ce riƙo ya bar hannun uwa in ta yi aure, dalilinsu shi ne tsoron kada hidimar miji ta ɗauke mata hankali, da sanin da suka yi cewa galibi bare ba ya tausayin ɗan wani. Hukunci ne da aka kafa don kare yaro daga mugun miji. Wanda ya mai da shi hujjar korar yaro daga gidansa, ya shaida wa kansa cewa shi ne irin mijin da malamai suka ji tsoro.

Hakki iri biyu ne. Akwai wanda alƙali ke karɓa daga hannun mutum ko yana so ko ba ya so, akwai kuma wanda mutum ke jawo wa kansa ta aikin da ya yi. Ku dubi mai lambu a bakin rafi, wanda ya tare ruwa ya juya shi zuwa nasa fangali. Ko da babu wanda ya kai shi ƙara, in shukar na ƙasa da shi ta bushe, kowa a garin ya san wanda ya busad da ita. Lokacin uwa da hankalinta da ƙarfin jikinta su ne ruwan da yaro ƙarami ke sha. Mai neman aure ya zo ne ya juya wani kashi na ruwan nan zuwa gidansa, halal ne kuwa, babu mai zarginsa. Amma tun da shi ya taɓa ruwan, ya zama masa wajibi ya duba abin da ya rage wa na ƙasa. A ganinmu wannan ne asalin hakkin 'ya'yan bazawara a kan mai nemanta, kuma yana hawa kansa tun ranar da ya fara sallama a ƙofar gidan, tun ba a kai ga sadaki ba.

Ba mu rasa abin koyi ba cikin wannan al'amari. Ummu Salama, wadda sunanta na yanka Hindu, matar Abu Salama ce, tare suka yi hijira zuwa Habasha suka komo Makka. Da suka tashi yin hijira zuwa Madina, sai danginta suka tare raƙumin, suka ce ba ya tafiya da 'yarsu. Dangin mijin kuma suka fusata, suka ce in haka ne ba su barin ɗansu a hannunta, aka yi ta jan yaron, Salama, har hannunsa ya goce. Miji ya tafi Madina shi kaɗai, ɗa na wajen dangin uba, ita tana wajen nata dangin. Wajen shekara guda tana fita bayan gari kullum tana kuka, kafin su ji tausayinta su mayar mata da ɗanta, su bar ta ta bi mijinta. Abu Salama ya sami rauni a yaƙin Uhudu cikin shekara ta 3 bayan hijira, raunin ya tashi ya rasu cikin shekara ta 4, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, Salama da Umaru da Durra da Zainabu.

Da ta gama takaba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika neman aurenta. Masu tarihi sun ce ba ta yi saurin amsawa ba, ta kawo uzuri uku, cewa shekarunta sun ja, tana da kishi, kuma tana da 'ya'ya. Matar da ta taɓa ɗanɗana rabuwa da ɗanta shekara guda, ba mamaki ta sa yaran cikin maganar tun da fari. Ya amsa mata su ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mata shi ya girme ta, kishi kuwa zai roƙi Allah ya yaye mata, yaran kuma ya sa su cikin iyalinsa. Aka ɗaura aure cikin watan Shawwal na shekarar nan, wadda ta yi daidai da 626 ta Masihiyya. Umaru da kansa ya ba da labari, Buhari da Muslimu suka ruwaito, cewa yana yaro a hannun Annabi, hannunsa na yawo cikin akushi, sai Annabi ya koya masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ku lura da inda yaron ya ke zaune, akushinsa guda da maigida. Zainabu ta tashi ta zama cikin matan Madina mafiya sanin fiƙihu a zamaninta, Salama kuwa Annabi ne ya yi masa aure, ya ba shi Umama 'yar Hamza.

Abin da mu ke so ku riƙe cikin labarin nan shi ne, an gama maganar yara kafin a ɗaura aure, an kuwa cika abin da aka faɗa bayan an ɗaura. Bari mu bi al'amarin daki daki tun daga farkon nema.

Da fari akwai lokaci. Sakakkiya iddarta tsarki uku, wadda mijinta ya rasu wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa sai ta haihu. Mai takaba, aya ta 235 ta Suratul Baƙara ta yarda a yi mata hannunka mai sanda, ta hana a ƙulla alkawari. Wadda aka yi wa sakin kome kuwa matar mutum ce har iddarta ta cika, ba a ko gitta mata magana. Kwanakin idda su ne ƙofar da aka bari buɗe don zuciya ta huce, manya su shiga tsakani, ko yaro ya sake samun uwa da uba a gida guda. Saurayin da ya lallaɓa cikin kwanakin nan yana aike da kyauta yana zuga ta, ya rufe wa yaron ƙofar da Allah ya buɗe masa.

Sa'an nan akwai zance. Sau da yawa yaron da a ke aikawa ya shiga ya ce ana sallama da wance, ɗanta ne na cikinta. Mai nema kuwa ya san hanyar zuciyar uwa ta kan ɗanta ta bi, sai ya riƙa zuwa da alewa da ƙuli-ƙuli, ya ɗora yaron a cinya yana ce masa ɗana. Ɗan shekara huɗu bai san bambancin wasa da gaske ba. Ya ga namiji na yi masa dariya, sai ya sa rai, da la'asar ta yi ya fita ƙofa yana jira. Bayan wata uku mai nema ya hangi wata ya ɗauke ƙafa. Uwar ta san halin maza, za ta haɗiye, amma yaron da ya riga ya rasa uba guda ya sake rasa wani, ba kuwa mai yi masa bayani. Saboda haka mu ke cewa, wanda bai tabbata da niyyarsa ba ya tsaya ga gaisuwa da fara'a, kada ya mai da zuciyar yaro tsani na hawa zuwa ga uwarsa.

Akwai kuma wani wurin da samari ke ruɗuwa. Mace Bahaushiya ta tashi cikin alkunya, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna sonsa gaban mutane, balle ta zauna gaban mai nemanta tana ciniki a kan 'ya'yanta. Sai saurayi ya ga ta yi shiru, ya ɗauka yaran ba su dame ta ba. Shirun nan kunya ce, a ƙarƙashinta kuwa akwai tsoro, gama ta san in ta matsa zai gudu, dangi kuma su ce ta cika zaɓe. Tun da ita ba ta iya tayad da maganar, shi ya kamata ya tayar. Ya je ga waliyyinta, gaban shaidu, a daidaita inda yaran za su zauna, da wanda zai ɗauki cinsu da maganinsu da kuɗin makarantarsu, da yadda za su riƙa ganin ubansu ko dangin ubansu. In yana da uwargida, ya gaya mata tun da wuri cewa amarya na zuwa da yara, ya san kuma ɗakin da za su kwana, don kada yaro ya zama shi ne abin huce haushin kishi.

To, an ɗaura aure, an tare. Abu na fari da agola ke bin mijin uwarsa shi ne ya bar masa sunan ubansa. Aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umurni a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Sa'ad da Sayyidina Abubakar ya rasu cikin shekara ta 13 bayan hijira, ya bar matarsa Asma'u 'yar Umaisu da yaro ɗan wajen shekara uku. Sayyidina Aliyu ya aure ta, yaron ya tashi a gidansa, ya ƙaunace shi har daga baya ya naɗa shi gwamnan Masar, amma har yau littattafai ba su san shi da wani suna ba sai Muhammadu ɗan Abubakar. Ku da za ku riƙe rajistar makaranta wata rana, ku kula da wannan. Yaro ya kira mijin uwarsa Baba don ladabi, daidai ne, amma a takarda a rubuta wanda ya haife shi, gama nasaba da gado da sanin muharrami duk a kan sunan nan su ke rataye.

Abu na biyu shi ne dukiya. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, rabonta tumuni ne, watau kashi ɗaya cikin 8, in kuwa suna da yawa su raba tumunin nan tsakaninsu. Saboda haka gidan da mai nema ya gani ya yi sha'awa, da gonar, da shanun, mafi yawansu na marayu ne. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kwatanta cin dukiyar maraya da cin wuta, aya ta 6 kuma ta ce a miƙa musu abinsu gaban shaidu in sun yi hankali. Waɗanda suka karanta tarihin Amurka sun san Joji Washinton, wanda ya zama shugabanta na fari cikin 1789. Cikin 1759 ya auri wata bazawara mai suna Marta, wadda mijinta ya rasu cikin 1757 ya bar ta da dukiya mai yawa da yara biyu, waɗanda lokacin auren nan namijin yana ɗan shekara huɗu, macen kuwa 'yar shekara biyu. Ya amfana da sulusin da ya zama rabon matar, amma kashi biyun da ke na yaran ya riƙa rubuta lissafinsu dabam yana kai wa kotu. Yarinyar ta yi fama da farfaɗiya, ya yi ta neman mata magani har ta rasu cikin 1773. Namijin ya rasu cikin 1781, Washinton ya ɗauki biyu daga cikin 'ya'yansa ya rena. Shi kansa bai taɓa haihuwa ba. Mun kawo shi don ku ga rubuta lissafi kariya ce ga maraya da mai riƙonsa gaba ɗaya. Ta ɗaya gefen kuma, agola ba ya gadon mijin uwarsa, amma shari'a ta bar wa mutum ya yi wasiyya har sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba. Wanda ya rena yaro shekara ashirin, ba ya so a kore shi hannu wofi ranar rabon gado, ga hanya nan a buɗe.

Abu na uku shi ne adalci cikin zaman yau da kullum, a nan kuwa aka fi faɗuwa. Ba safai a ke korar agola da baki ba. Sai dai a ga 'ya'yan gida sun tafi makaranta, shi an ɗora masa tulu, ko an ɗora wa yarinyar farantin talla. Ranar salla a ɗinka wa kowa sabo, shi a ba shi kwance. In abu ya ɓace a gida, shi a ke fara tuhuma. Wani ma sai ya ce zai kai yaron karatun allo wani gari mai nisa, a bakinsa neman ilmi, a zuciyarsa rage baki. Akwai kuma mai ɗauke ido gaba ɗaya, ya ce ba ɗana ba ne, ba na tsawata masa, sai yaron ya tashi ba mai kwaɓa. Ma'auni guda ya isa, watau mutum ya tambayi kansa, da ɗan cikina ne ya yi wannan, yaya zan yi? Sai ya yi haka, kada ya ƙara, kada ya rage. In agolar mace ce, aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta masa aurenta har abada muddin ya tare da uwarta. Ta zama kamar 'yarsa wajen haramci, tsaron mutuncinta a wuyansa ya ke, cin amanarta kuwa yana cikin mafi munin abin da namiji zai aikata.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, ya kamata kuwa a saurare su. Wani zai ce tsintacciyar mage ba ta mage, ka ciyad da ɗan wani ka tufasad da shi, ranar da ya kawo ƙarfi ya tattara ya koma wajen ubansa. Gaskiya ne yakan koma, haka kuwa ya kamata, gama ubansa ne, ba a raba hanta da jini. Amma wanda ya ciyad da yaro don ya mallake shi, kiwo ya yi, mai kiwo kuwa shi ke lissafin riba da hasara. Ɗan cikin mutum ma ba a ba shi tabbacin zai yi masa biyayya ba, bai kuwa hana a rene shi ba. Hadisi ingantacce ya yi wa mai riƙon maraya albishir da kusanci da Annabi a Aljanna, ya kwatanta kusancin da na yatsu biyu. Masu karatunmu Kirista kuma sun san Wasiƙar Yaƙubu, sura ta 1 aya ta 27, ta sa kula da marayu da matan da mazansu suka mutu cikin alamun sahihin addini. Ko a nan duniya ma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wani kuma zai ce, ni albashina bai kai ba, ɗakina guda, ko kuwa na san zuciyata ba ta iya ɗaukar ɗan wani. Wannan ba mu ga laifinsa ba in ya faɗa tun da fari. Ba kowa Allah ya ba faɗin zuciya da faɗin hannu ba, mutumin da ya san iyakarsa ya janye da mutunci ya fi wanda ya yi alkawarin da ba ya iyawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wanda mu ke zargi shi ne mai cewa a zaure 'ya'yanki 'ya'yana ne, bayan tarewa da wata biyu ya ce gida ya yi ƙunci, a mai da su wajen kakarsu. Ya sami matar da ƙarya, ya kuwa san ba ta iya fita yanzu sai da wani zawarcin. Wani lokaci kuma zaman yaro wajen kaka ko wajen ubansa shi ya fi masa alheri, kowa ya yarda da haka. To, ko a nan hakki bai sauka daga kan miji ba, sai dai ya sake kama. Ya bar hanya a buɗe, ya ba ta izinin zuwa ganinsu, ya bar su su zo hutu, in an ce ɗayansu ba lafiya kada ta tsaya roƙo, kada kuma ya riƙa ƙirga ɗan abin da ta aika musu.

Na uku zai ce, abokai za su yi mini dariya, iyayena kuma ba za su yarda saurayi ya fara da mai 'ya'ya ba. Dariyar abokai ba ta daɗewa, balle ga wanda ya san Annabi yana da shekara 25 ya auri Nana Hadiza, wadda ta yi aure biyu kafinsa, ta zo da 'ya'ya, cikinsu har da Hindu ɗan Abu Hala. Maganar iyaye kuwa dabam ce, tilas a ba ta girma. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi, sau da yawa nauyin da ɗansu bai auna ba su ke jiye masa. Sai ya bi su da ladabi, ya sa waɗanda su ke jin nauyi su yi musu magana, har su yarda da zuciya ɗaya. Yaron da aka kai gidan da uwar miji ba ta son ganinsa, an kai shi wurin wahala ko da mijin na ƙaunarsa.

Ba mai nema kaɗai ke da aiki ba. Bazawara kada ta ɓoye yawan 'ya'yanta don ta sami shiga, gama ramin ƙarya ƙurarre ne, in ya rufta kuwa a kan yaran zai rufta. Ta auna mai nemanta da yadda fuskarsa ke yi sa'ad da goyonta ya yi kuka ya katse musu zance, wannan ya fi kayan da ya kawo gaya mata gaskiya. Uban yaran kada ya yanke ciyarwa don haushin ta yi aure, kada kuma ya ƙwace yaro ƙarami don ya ƙona mata rai, sa'an nan ya jefa shi hannun matar da ba ta so. Waliyyai kuma su tuna, gaggawar rabuwa da bazawara ba ta kai a manta da jikoki ba.

Ku kuwa 'yan makaranta da ke zaune a gidan mijin uwa, in Allah ya haɗa ku da mai kirki, ku san yana yi muku abin da ba a wajabta masa ba, ku ninka masa ladabi, ku taya shi aiki, kada wata rana ku ce masa ai kai ba ubana ba ne. In kun gamu da akasin haka, ku gaya wa kakanninku ko kawunanku ko malaminku, ku riƙe karatu da kyau, ku kuma ajiye abin da kuka ɗanɗana a zuciya don kada ku ɗanɗana wa wani sa'ad da girma ya zo kanku. Sauranku kuma ku daina kiran abokin karatunku agola don ku ba shi haushi, gama bai zaɓi mutuwar ubansa ko rabuwar iyayensa ba.

Allah ya jiƙan iyayen da suka riga mu, ya ba zawarawa mazaje masu tausayi, ya raya marayu, ya sa ku zama masu gidan da ɗan wani zai shiga ya ci akushi guda da 'ya'yanku. Amin.